Mis Verlene, Mai Nemo wa Hotuna Suna

Ƙarfe bakwai na safe Mis Verlene Gaddis take buɗe ofishinta, can ƙarƙashin benen wata jami'a a jihar Alabama ta Amurka, ɗakin da ko taga ba shi da ita. Shekara talatin da huɗu tana haɗa mujallar da malamanmu ke rubuta tarihin baƙar fata da al'adunmu a ciki. Su ke shan yabo, ita ke shan wahala.

Dokarta ɗaya ce: hoto ba ya shiga mujalla da "ba a san sunanta ba" a ƙarƙashinsa. Ran Lahadi sai ta kafa hularta, ta zuba tsofaffin hotuna a jaka, ta bi cocin ƙauyuka tana tsare tsofaffi in an tashi. Editan, Dokta Broadnax, ya taɓa cewa, "Haba Mis Verlene! Wata biyu mun makara a kan matar da ta mutu tun ba a haifi uwata ba?"

Ta ce, "To ka ga ta fi ka daɗewa tana jira, Dokta. Nemi kujera."

Bana jami'a ta ce ba mai karantawa, a rufe mujallar. A fitowa ta ƙarshe hoto ɗaya ya gagare ta: wata mai wankau a tsaye gaban baho, ta zuba wa mai ɗauka ido. Coci tara ta zaga. A na taran, Mama Ozella mai shekara casa'in da shida ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, fuskar dai na san ta. Ƙanwata ce mai riƙe sunaye, kuma watan jiya muka binne ta."

Ran Litinin, da hannunta ta buga kalmomin nan da ta ƙi tsawon aikinta: "ba a san sunanta ba". Ba na ɓoyewa, abin ya karya mini zuciya. Masu sani suna ƙarewa, mujallar ma ta bi su.

Mis Verlene, ke ce mai tono sunan da ƙasa ta rufe. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara. Ku kuma, duk mai tsohuwa a gida ya kai wa tsohuwar hotuna Lahadin nan, kada ya ce sai ta gaba.

Mis Verlene, na bi duka fitowa ɗari da talatin da shida na mujallar shafi-shafi. Mutanen da kika nemo wa suna duk suna nan. Sunanki ne kawai babu.