Mako Biyun da Na Rufe Bakin Kaka

Wata safiyar Nuwamba ta 1969, azumi bai kai goma ba, ina tsugune a bakin famfon unguwarmu a Zongon Kumasi da bokiti biyu, sai na ga layin mata ya watse, ba wadda ta tsaya cika nata. Rediyon wani tela ne ya faɗa: duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Na zubar da bokitan nan na ruga gida, don na san wata baƙuwa guda, kuma ni ce na yi ta tallanta a unguwa.

Abin ya samo asali ne daga Malam Sani, malaminmu na Islamiyya. Kowace Laraba bayan karatu sai ya sa mu share tsakar makaranta, ya zana ƙasashe a ƙasa da bulalarsa, ya jera duwatsu: ga Kano, ga Sakkwato, ga Tawa can cikin Nijar, ga mu nan ƙasa. Yakan ce, "Hausa kogi ce, kowane gari da mashayarsa." Sai ya tura mu gida mu kwaso yadda manyanmu suke magana, kowa ya zo ya tsaya a kan dutsen garinsu ya faɗa. A nan na gane Bakano yana cewa "tafi", mutumin Tawa yana cewa "tahi", mu kuwa 'yan Zongo ko mace ce "ya zo" muke ce mata, mu barbaɗa yaren Asante da Turanci a kai. Kunnena ya fi na kowa, rawar kaina ma haka. Ina da shekara goma, amma mace ta gaishe ni sau ɗaya a famfo, zan faɗa mata garinsu da ƙarfi. Wadda na fi kwaikwayo kuwa ita ce Kaka Dije, mahaifiyar babana, mai sayar da koko. Har 'yan gala-gala masu dakon kaya sun san Kakar Hajara, wato kakata, 'yar Tawa ce.

Baba a Kumasi aka haife shi, makanike ne a Magajin ɗin Suame, unguwar masu gyaran mota, yana da takardarsa. Kaka kuwa shekara arba'in tana nan, ko ƙyallen takarda ba ta taɓa riƙewa ba. Aka ce masu bincike da kunne suke kama mutum. Ban san ko gaskiya ba ne, amma na kasa zaune na kasa tsaye. Na zaunar da ita a gindin murhu ina koya mata Hausar Zongo kamar yadda Malam yake koya mana. Wayyo, tsohuwar nan ta yi ƙoƙari! Ta ce "tafi" sau biyu, na uku ta koma "tahi". Na yi ta yi mata tsawa, ni da ban isa in ɗaga mata murya ba. Da na gaji sai na yanke hukunci: ta yi shiru kawai. Kullum da la'asar mu fitar da kokon buɗa-baki bakin titi, ita ta zuba, ni in yi magana. Ko a cikin gida, da ta buɗe baki zan zare mata ido, wai bango yana da kunne.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, wata babbar mota ta tsaya gaban teburinmu, shaƙe da baƙi masu barin ƙasar da tabarmi da tukwane. Ɗan sanda yana tsaye kusa da mu. Wata tsohuwa ta leƙo daga saman kaya, ta gane Kaka, ta kwararo mata gaisuwar garinsu, ta gida, ta ɗiya, ta gajiya. Na mintsini Kaka. Ta ture hannuna. A wurinsu, ƙin amsa gaisuwar mai tafiya ya fi kora muni. Ta miƙe ta amsa ɗaya bayan ɗaya da Hausar Tawa tsantsa, muryarta har ta dushe don rashin amfani. Ɗan sandan ko waiwayowa bai yi ba.

Washegari ta ɗaure kayanta. Baba ya roƙa, ni na yi birgima a ƙasa ina ihu. Ta shafa kaina ta ce, "Ɗiyata, ban iya zama bebiya garin da na bizne mijina." Baba da kansa ya duba tayoyin motar da ta ɗauke ta. Damina ba ta ƙare ba a 1970 wani farke ya kawo mana labarin rasuwarta.

Yau ni nake koyar da karin harshen Hausa. Ɗalibaina suna da taswira mai launi da na'urar ɗaukar murya, suna yin ɗaruruwan mil don su ji tsohuwa ɗaya ta ce "tahi". Ni kuwa a lokacin tawa tana zaune a gindin murhunmu. Mako biyu suka rage mini in saurare ta, na ce ta yi shiru.