Motar da Ba a Taɓa Gudu da Ita Ba

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamare, na tsaya a filin wani dillalin motoci a Kwanar Dangora, lallen Sallah bai gama gogewa a hannuna ba. Baba ya taho da ni daga Tudun Wada ne don in gaida Gwaggo, amma ya ce mu fara biyawa ya ga mota. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta tsaya cik, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Motoci biyu aka nuna masa: wata shuɗiyar akori-kura mai ciwon tsatsa a ƙugu, da wata farar bas doguwa, wadda aka cire kujerunta na baya kaf.

Sana'ar Baba goge gilasai ce. A Kano ya koyo ta, shekarun da yake zuwa cin rani, yana bin masu wanke tagogin manyan benaye. Da ya ga an fara gina benaye masu gilashi a Kiru da Bebeji, ga gidajen mai a bakin titi, ga otal a Bagauda, sai ya dawo gida ya kama da kansa. A keke yake yawo da bokiti da garin sabulu da robar share ruwa mai dogon mariƙi. Abin da ya gagare shi shi ne tsani. Ya sa an haɗa masa dogo na gwangwala, amma keke ba ya ɗaukarsa, duk aikin da ya wuce tsayin mutum sai ya kalla ya haƙura. Don haka ya sayar da shanun huɗarmu guda biyu ga wani Bafulatani a Burumburum, ana gab da faɗuwar damina. Ranar da aka kore su, Inna ta shige ɗaki ta bar tuwo yana ƙauri a tukunya.

Baba ya zagaya akori-kurar, ya ce bayanta a buɗe yake, ruwa zai jiƙa tsummokara, tsani kuma zai leƙo waje rabi da rabi. Da ya buɗe bayan farar bas ɗin kuwa, sai fuskarsa ta saki. Ya auna cikinta da taku, ya ga tsaninsa zai kwanta har a rufe ƙofa. Dillalin ya tayar da inji, sautin ya fito sumul kamar keken ɗinki. "Malam, wannan motar ba a taɓa gudu da ita ba," in ji shi. "Tun da aka sayo ta, a hankali take tafiya, a hankali take dawowa."

Ni yarinya ce mara magana, amma ba na iya wuce rubutu ban karanta ba, ko a jikin gwangwanin madara ne. Shi ya sa kakata Iya, mahaifiyar Baba, take kirana Malama. Ina tsaye a gefen motar sai yayyafi ya sauko, ya jiƙa sabon fentin, wasu haruffa suka fara tasowa daga ƙarƙashinsa kamar jijiyoyi a bayan hannun tsoho. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A sama Larabci ne, ayar nan da ke tuna wa kowane rai abin da zai ɗanɗana. A ƙasa da boko aka rubuta: MOTAR JANA'IZA. Na ja gefen rigar Baba, na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Dillalin ya yi dariyar yaƙe, ya ce ta wata ƙungiyar unguwa ce a birni, sun sami sabuwa. "Ƙarfe ne fa, Malam. Ƙarfe ba ya riƙe kowa a ransa." Baba ya dubi akori-kurar da ruwa ya riga ya fara taruwa a bayanta, ya sake duban farar, ya yi bisimilla ya miƙa wa dillalin hannu, ciniki ya faɗa.

Ba wanda ya gaya wa Iya komai. Ta fito zaure da sandarta, ta sa kai cikin motar, ta ja numfashi sau ɗaya ta janye. Ta yi shekaru tana wankan gawar mata a unguwarmu, hancinta ba ya ɓatan kafur. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Motar da ta saba ɗaukar na kwance, ba ta iya ɗaukar na tsaye ba." Ta juya ta koma ciki. Wannan maganar ta zauna a gidanmu kamar baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba. Tun daga ranar abu ɗaya nake tsoro, kuma na san shi Inna ma take tsoro: wata rana motar nan za ta shigo da Baba a kwance.

Baba ya wanke ta da duk iya sana'arsa. Ya zuba garin sabulu, ya zuba toka, ya matse lemon tsami, ya bar ƙofofinta a buɗe a rana. Gilasanta suka yi ƙal har kaji na saran inuwarsu a jiki, amma in ta kwana a rufe, da safe ƙamshin kafur ne zai tarbe ka. Ya sake mata fenti, rubutun ya ɓuya, ruwan sama na taɓa shi ya dawo. Ni aka ɗora wa wankin tsummokaran aiki. Bayan na dawo daga makaranta, na yi shara, na kai wa Inna niƙa, sai in zauna a gindin rijiya in wanke su, in ware na sabulu daban, na busarwa daban, in ninke su gefe ya dace da gefe. Zuba su cikin motar ne ba na so. Daga bakin ƙofa nake miƙa hannu in ajiye, ban taɓa yarda ƙafata ta taka ciki ba.

Gari ma bai karɓe ta ba. In ta biyo layinmu, 'yan mata su tsayar da gaɗa, masu carafke su dunƙule duwatsunsu a hannu, tsofaffin da ke kan dakali su miƙe tsaye kafin su tuna Baba ne. A makaranta aka sa mini suna 'yar mai motar gawa, wasu suka daina cin gyaɗar da na taɓa. Abin da ya fi muni a Bebeji ya faru. Baba da ƙanensa Baffa Isa, wanda ke riƙe masa tsani, sun je aiki wani gida, ashe akwai tsoho mara lafiya a ciki. Baba yakan naɗe tsanin da tabarma don kada ya karce fenti. Suka tsaya a ƙofar gida, suka buɗe baya, suka zaro dogon abu na gwangwala naɗe da tabarma, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya. Duk wanda ya taɓa ganin makara ya san abin da matan gidan suka gani ta kafar zaure. Kuka ya ɓarke. Mai gidan ya fito, ya ce su tafi, ba ya son aikin ko a kyauta. Labari ya bazu, aiki ya ja baya, ga gonarmu ta dawa ciyawa ta cinye rabinta don babu shanu. Baba ya koma tsayar da motar nesa, su saɓo tsanin a tsaye su ƙarasa a ƙafa. A hankali gidajen mai suka ci gaba da kiransa, don ba wanda ya kai shi fitar da gilashi.

Cikin watan da masara ke fitar da gemu, aka kwana biyu ana ruwa. Ranar Laraba da la'asar ina shanyar tsummokara sai na ji wani irin shiru ya taho daga bakin titi, irin wanda ke biyo bayan daina daka a gidaje. Sannan na ji salati, ƙasa-ƙasa, na mutane da yawa. Na leƙa ta zaure. Farar motar ce ke tahowa, a hankali fiye da yadda na taɓa ganin ta, tana kauce wa kowane rami. Baffa Isa ne a kan sitiyari, ba Baba ba, hularsa babu, rigarsa duk laka. Ruwa ya jiƙa jikinta, rubutun ya fito ɓaro-ɓaro. Bayanta kuwa mutane ne: masu shayi, masu faci, dattawan masallaci, kowa ya ga tafiyarta ya ajiye abin da yake yi ya bi sahu. Inna ta zo bayana ta leƙa, ta zube ƙasa. Iya ta fito, ta dogara sandarta, ta tsaya ƙyam.

Baffa ya sauko, bakinsa na motsi amma salatin jama'a ya danne muryarsa. Ya buɗe baya. Tsanin ne aka fara jawowa, a kansa tabarma, a kan tabarmar tafin ƙafafu biyu da na sani kamar nawa. An lulluɓe shi da tsummokaran da na ninke da hannuna. Maza huɗu suka kama, biyu gaba biyu baya, wani ya fara faɗin inda za a sami likkafani. Sai tsummokaran suka motsa.

"Kai jama'a," in ji Baba da dasasshiyar murya, "ku rage salatin nan a kaina, ku aika garin Badafi a kira maɗori. Isa, ban ce ka ɗan ƙara mai ba?"

"Yaya, ina taka ta kana ihu!"

Wani ya fashe da dariya, wani da kuka, mai maganar likkafani ya sulale ya ɓace. Ashe a wani sabon bene ne a Kiru ƙafar tsanin ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, Baba ya faɗo, cinyarsa ta karye. Ba abin ɗaukarsa sai tsanin, kuma da akori-kura ce da ruwa ya dake shi tun daga can har gida. Iya ta matso, ta dafa goshinsa, ta daɗe tana jin ɗuminsa. Sannan ta juya ta buga jikin motar da sandarta, ba da ƙarfi ba, kamar yadda ake wa saniya. "To, kin karɓi naki na kwance," ta ce. "Duk wanda kika ɗauka can kike baro shi. Yau kin koyi dawowa." Da yammar nan ni na hau cikinta na kwaso bokitai.

Baba ya tashi da ɗingishi, bai sake hawa tsani ba. Baffa ya koma hawa, shi yana tuƙi yana duba aiki daga ƙasa, yana nuna inda sabulu ya bar zane. Mutane suka daina miƙewa in ta wuce, har masu biki suka fara aron ta kai gara.

Yanzu tsanin ƙarfe ake yayi, mai naɗewa, wanda ko a babur sai a ɗaura, yaran layinmu kuma ba su san gwangwala tana da aiki biyu ba. Ni ina birni ina karatu, a ɗakin da tagarsa ba ta taɓa fita yadda Baba zai yarda ba. Da ajalinsa ya zo bara, a kafaɗa aka ɗauke shi, da sauri, kamar yadda ake yi, motar tana ajiye a bayan gidanmu a kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta. In na je hutu da damina nakan tsaya in jira ruwa ya jiƙa ta, in sake karanta rubutun. Ba ya ba ni tsoro yanzu. Ranar Larabar nan kawai nake so a maimaita mini, a buɗe baya, tsummokara su motsa.