Yadda na gyara rediyon mahaifiyata da fensir

Shekaru da dama da suka wuce, lokacin yaƙin basasa, yayana yana cikin soja, mu kuma muna ƙauyenmu kusa da Bakori. Ya yi watanni ba mu ji ɗuriyarsa ba. Mahaifiyata ba ta da abin dogaro sai wani shiri da ake yi a rediyo bayan la'asar, inda sojoji ke gaida gida da bakinsu. Ga shi kunnenta ya yi nauyi, sai an ƙure murya take ji.

Ana cikin ɗibar auduga, mamurɗin muryar ya lalace. In ka murɗa sai ƙarar-ƙarar, maganar ta koma kamar raɗa. Inna ta daina cin abincin kirki.

Na ɗaura rediyon a keke na tafi Funtua wajen wani Bayerabe mai gyara. Ya buɗe ya nuna mini wani ɗan faifai a bayan mamurɗin, ya ce risista ce mai juyawa: baƙin zobe ne da ɗan harshen ƙarfe ke bi a kansa, shi ke rage wuta ko ƙara ta. Zoben ya cinye, sabo kuwa sai an aika Kano. Na tambaye shi da me aka yi baƙin, ya ce gawayi ne, dangin bakin fensir.

Da wannan maganar na tuƙo keke har gida. Ni da ban taɓa kwance ko agogo ba, na ari fensirin malamin makarantarmu, na ɓamɓare faifan da tsinin wuƙa, na yi ta goga fensir a inda ya cinye. Wata ƙaramar ƙusa ta faɗi ƙasa, na yi ta rarrafe a tsakar gida ina korar kaji. Abokina da ya leƙo ya ce in na kashe rediyon nan, in nemi garin da zan koma.

Na mayar da komai, na sa batir, na murɗa. Murya ta taso tangaram, har akuya ta zabura.

A mako na uku muka ji yayana a shirin. Ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya ce a gaida Inna, yana nan lafiya. Ta damƙe hannuna ta ce, "Ƙara, ɗan nan, ƙara." Na ce, "Inna, ai ya kai ƙarshe." Ta ce ta ji, so take maƙwabta su ji.

Yayana ya dawo bayan yaƙi, da ƙafafunsa. Ni ban zama mai gyara ba, noma na ci gaba da yi har na tsufa. Na gina gida, na aurar da 'ya'ya, na je Makka. Amma in jikokina suka tambaye ni abin da na fi alfahari da shi, ranar nan nake ba su labari, ranar da Inna ta ci tuwo har ta nemi ƙari.