Yatsun Mutanen Kagarawal

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Satumba, 1979, da hantsi, ina kan tafireta a ofis sai maigidana Timoti ya leƙo ta taga ya ce, "Edna, Dakta Bamanga Jaji ya rasu." Ciwon hanta ne, Malam Bamanga, ya kwantar da kai wata biyu, aka binne ka bayan azahar. Na Allah muke, gare shi kowa zai koma, haka na ji 'yan'uwanka suna ta faɗa a ƙofar gida, ni ma haka na yi imani. Amma ba zan ɓoye maka ba, Malam, tun ranar abin da ya fi cika mini ciki ba kuka ba ne, ƙyama ce, kuma rabinta ta kaina ce.

Na san ka a 1974, lokacin da ka dawo gida daga Zariya don binciken digirinka. Shekarun nan ne kuɗin man fetur ya hau kan manya, kowa na yawo da zanen gini a hammata. Ofishinmu ya shirya gina wa ma'aikata gidaje a kan tudu, ruwan saman da zai gangaro daga can kuma a haɗa shi a lambatu ɗaya a sako shi ta unguwar Kagarawal. Kai tambayarka guda ce: idan za a yanke abin da zai iya rushe wa mutum ɗaki, wa ake tambaya, kuma ina amsarsa ke zuwa? Aka ba ka izini bisa sharaɗin duk abin da ka tattara za ka ajiye a ofis. Ni aka ba aikin buga maka, na kuwa sha wuya, don rubutun hannunka kamar kaji sun yi tono.

Ba ka yarda da taron ƙofar mai unguwa ba. Ka ce da zarar babba ya yi magana sauran sai gyaɗa kai, mata kuwa ba sa ma zuwa. Saboda haka ka bi gida gida a kan tsohon kekenka, wata huɗu, da takalmin nan naka na taya da matarka Safiyyatu ta gaji da ɓoyewa. Ka zauna a maƙera, ka tsaya a bakin rijiya, ka bi manoma har gona. Idan mutum ya gama magana sai ka karanta masa abin da ka rubuta, ka ce, "Haka ka faɗa, ko na ƙara gishiri?" In ya ce a gyara, ka gyara, ka sake karantawa. Sai ya gamsu sannan ya dangwala babban yatsa a wata takarda daban, gaban sunansa, shaidar cewa maganar tasa ce. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya, shafi bakwai na yatsu. Ɗari da tamanin da shida sun ce kada a sako ruwan ta wurin.

Cikinsu akwai Malam Aƙilu maƙeri da matarsa Goggo A'i mai waina, waɗanda gidansu ne na ƙarshe kafin gangare. Malam Aƙilu ya nuna maka cewa ƙasar wurin jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, ya kuma zana maka da sanda tsohuwar hanyar da ruwan ke bi tun yana yaro. Na buga maganarsa a shafi na talatin da ɗaya.

Kirkinka gare ni ba na rubutawa ya ƙare ba ne. Kai kaɗai ke shigowa ofis ka gaishe da mai tafireta kafin ka nemi shugaba. Ka koyi gaisuwa da yarenmu na Tangale don kawai ka ba ni dariya, kana kwaɓa ta kullum. Da Timoti ya faɗo daga kan gini ya karye, sau uku ka zo gidanmu a Herwagana dubiya, ka zauna a tabarma tare da dattawan cocinmu kuna gardamar noman auduga har la'asar. Ina jera waɗannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da na ci amanarsa.

Bayan ka koma Zariya, Alhaji Bappayo, babban jami'in sashenmu, ya kira ni. Fayil ɗinka na kan teburinsa. Ya zare shafuka bakwai na yatsu, ya miƙo mini tare da wata takarda mai layi uku da za a buga a ɗora a sama, wadda ta ce an tuntuɓi jama'ar unguwa kuma ga shaidar amincewarsu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai waɗannan yatsun na maganar da ke cikin sauran shafukan ne."

Ya ce, "Malama Edna, an tuntuɓe su ko ba a tuntuɓe su ba?"

"An tuntuɓe su."

"To, buga."

Na buga. Da hannuna na huda shafukan, na zura igiyar fayil na ɗaure. Timoti yana gida da ƙafa a ɗaure, 'ya'ya huɗu, na faɗa wa kaina wannan uzuri har ya zame mini kamar addu'a. Littattafanka da shafi sittin na maganar mutane aka kai sito, daga baya aka ce gara ta cinye. Garar ofishinmu mai ilimi ce, ta san fayil ɗin da take ci.

Aka gina lambatu. Damina ta farko ruwan ya yanka ɗan rami a bakinsa, ta biyu ramin ya zama kwari mai haɗiye jaki da kayansa. A Agustan 1977, da rana tsaka, ana ruwa, bangon maƙera ya bi kwarin da Malam Aƙilu a ciki. Da mutanen unguwa suka taru suka zo ofis da kuka, Alhaji Bappayo ya fito baranda ya ɗaga shafukan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wannan yatsan waye? Ku kuka yarda." Su kuwa mutum ɗaya suka sani da ya taɓa kawo musu tawada.

Daga ranar sunanka a Kagarawal ya koma Mai Tawada. Ka je ta'aziyyar Malam Aƙilu, Goggo A'i ta aiko daga cikin gida cewa ta ba ka yatsanta amana ka kai kasuwa, kada ka ƙara taka mata zaure. Ka rubuto wa ofishinmu wasiƙu sun fi goma, ni nake karɓa ina sa su a fayil. Kundin digirinka bai cece ka ba, don da Turanci yake a ɗakin karatu, kuma bisa ƙa'idar jami'a an cire sunaye an sa lambobi. Wa zai je ya ce wa Goggo A'i ita ce lamba tamanin da huɗu?

Sau ɗaya ka tambaye ni. Ka tsaya gaban teburina, hula a hannu, ka ce, "Malama Edna, ko kin san wanda ya raba shafukan nan?" Na ce ban sani ba. Ka dube ni jim, ka ce, "To, ya ƙafar Timoti?" Alhali kwafi na biyu da takardar kabon ta fitar lokacin da nake buga shafi sittin ɗin, da sunan kowa a kan maganarsa, yana ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan zuwa coci.

Ranar sadakar uku na ga abin ƙyama. Motoci sun cika layinku. Alhaji Bappayo, cikin babbar riga mai aiki har gwiwa, yana share ido da hankici yana cewa Dakta ne ya koya musu jin ta bakin talaka, kuma za a sa sunanka a wani titi cikin sababbin gidajen. Wato titin da ruwansa ya kashe Malam Aƙilu. Mutane suna ta amin. Daga Kagarawal ko mutum ɗaya bai zo ba. Na so in tofar da yawu, sai na tuna ni na ɗaure igiyar, na haɗiye abina.

Washegari ban je ofis ba. Na ɗauki kabon na tafi wurin Goggo A'i, a ɗakin da ƙaninta ya ba ta. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Sannan na karanta mata shafinta, inda ta ce ita ba ta san boko ba amma ta san ruwa, in an tara shi wuri ɗaya sai ya nemi fansa. Ta ce, "Haka na faɗa." Sannan ta ce, "Karanta na Malam." Na karanta na mijinta, shafi na talatin da ɗaya, da jigawar, da tsohuwar hanyar ruwan. Ta sa na maimaita.

Na ce, "Goggo, ki yafe wa Dakta."

Ta ce, "Me ya yi mini da zan yafe masa? Shi ne zai yafe mini, ga shi kin bari sai da ƙasa ta rufe shi. 'Yar nan, shekara biyu takardar nan tana ɗakinki yana wucewa ana nuna shi da baki?"

Ta tashi ta jawo mayafi ta ce in nuna mata gidanka, amma in yi gaba, ba za ta jera da ni ba. Haka muka ratsa gari, ina gaba tana baya. Ta shiga wurin Safiyyatu, ni na tsaya a waje.

Na miƙa kabon ga limamin Kagarawal, ya ce zai sa a karanta wa kowa nasa, gida gida, yadda kake yi. Wannan takarda kuma na sa sunana a ƙasa, wanda ya ga dama ya ɗauke ta ya kai ofis.

Allah ya jiƙanka, Malam Bamanga, ya yi maka rahama, ya haskaka makwancinka, ya sa tafiyar da ka yi a kan keken nan ta zama nauyi a ma'auninka. Ya jiƙan Malam Aƙilu. Ina miƙa ta'aziyya ga Safiyyatu da 'ya'yanku da dukan zuriyar Jaji, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Ka tambaye ni sau ɗaya wa ya raba shafukan. Alhaji Bappayo ya zare su, amma ni na buga, ni na ɗaure. Ni ce, Malam.

Edna Timoti,
Herwagana, Gombe.