Ƙiryar da Ta Ƙi Cin Wuta

Akwai abin da ba zai fita a kaina ba sai ranar da aka ɗauke ni a makara. Shekarar da tsutsa ta cinye mana masarar fari ce, damina guda bayan an kafa famfon tuƙa-tuƙa a unguwarmu a Malumfashi, maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da rai. Jikata ce ke rubutawa, ni baki kawai nake ba ta.

A wancan lokaci babu suna ko biki da za a yi a unguwar nan ba a ɗora tukunya da hannuna ba. Ba yabon kai nake ba, ku je ku tambaya. Tuwona ba ya gudaji, kuma wuta tana jin maganata. Ko ɗanyen reshe aka miƙo mini, in na durƙusa na hura sai ya kama.

To, sai matar ƙanen maigidana ta haihu. Shi ƙanen direban babbar mota ne, yana kai masara can ƙasar Agadas, ya dawo da dabino da kanwa. Tun ina amarya muke wasa da shi, ni in ce masa Ɗan Hanya, shi ya ce mini Uwargida. Ranar suna aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Itacen da aka tara a tsakar gida duk ya jiƙe sharkaf. Ga dangin mai jego sun cika mota daga garin Ƙarfi, kuma sun ce da la'asar za su koma. A cikinsu akwai gwaggon mai jego, wata doguwar mata mai baki, wadda ita ma a garinsu ita ke tuƙin tuwon biki. Tana shigowa ta dubi murhuna ta ce, "Ke ce Hajiyar da ake ba mu labari? To, yau za mu gani."

Na ce, "Zauna ki huta, baƙo ba ya hura wuta a gidan nan."

Na shiga ɗakin ajiyar Ɗan Hanya neman busasshen ice. Can bayan buhunan kanwa na hango wani gungume a kwance, tsawonsa kamar taɓarya ta karye biyu, kaurinsa ya kai cinyata. Ga ɓawo, ga gurbin reshe, ga zoben nan na cikin ice a bakinsa. Na kai hannu in ɗauka, ya ƙi motsi. Na kira mata biyu muka cicciɓo shi muna nishi.

Ɗaya ta ce, "Hajiya, wannan ice da nauyi kamar dutsen niƙa?"

Na ce, "Ƙirya ce, yarinya. Ba ki san ƙirya ba? Ita maƙera ke nema. In ta kama, har gobe da safe tana ci."

"Ai kuma ga sanyi."

"Damina ce, ke ma taɓa ƙafarki ki ji."

Muka tura shi ƙarƙashin babbar tukunya. Na tattaro totuwar masara da tsumma da ɗan karan da ya tsira daga ruwa, na kunna. Kara ya ci, totuwa ta ci, tsumma ya ci. Gungume ko gezau. Na durƙusa na hura har na ga taurari. Na karɓi faifai na yi ta fifita, hayaƙi ya cika mini ido, hawaye na zuba kamar ni aka yi wa rasuwa. Gwaggon nan tana zaune kan tabarma tana ɓare gyaɗa.

"Hajiya, ko in taya ki? Mu a Ƙarfi sau ɗaya muke hurawa."

Na ce, "Ƙiryar Malumfashi tana da ja-in-ja, ba ta son gaggawa."

Na sa aka kawo gatari in tsaga shi. Sara ɗaya, gatari ya yi ƙara ƙyal, wuta ta yi tartsatsi, bakinsa ya lanƙwashe. Mata suka fara ja da baya suna salati. Wata ta ce ai icen kuka ne mai aljanu, wata ta ce a kira liman. Ni kuwa zuciya ta riga ta ɗebe ni. Rana ta fara leƙowa, ruwan tukunya ko ɗumi bai yi ba, ga sunana yana shirin tafiya Ƙarfi a bakin matar nan. Na tuttula kalanzir, na ƙara totuwa, wuta ta tashi ta lulluɓe gungumen. Na miƙe na gyara ɗaurin zane na ce, "To, ga shi nan."

Ban rufe baki ba muka ji tau! kamar an harba bindigar toka. Gungume ya dare biyu, tukunya ta karkace, ruwa ya kwarara ya kashe wutar. Tsakar gida ta watse. Gwaggon Ƙarfi, da duk tsawonta, ban san yadda ta shige akurkin kaji ba, ƙafafunta kawai muke gani da takalmi ɗaya. Ni kaɗai na tsaya, muciya a hannu. Wasu na cewa ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata. Ƙarya suke.

Maza suka rugo daga ƙofar gida. Ɗan Hanya na ganin murhu ya ɗora hannu a ka.

"Uwargida! Dutsena kika sa a wuta?"

"Wane dutse? Ice ne, ga ɓawonsa!"

"Wallahi dutse ne! Daga hamada na ɗauko shi!"

Ashe a hanyarsu akwai wani fili, ba ciyawa ba inuwa, inda itatuwa ke kwance zube-zube a kan yashi, wasu da rassansu, duk sun zama duwatsu. Motarsu ta lalace a wajen, shi ne ya sa yaran mota suka jefa masa guda a baya, wai zai riƙa nuna wa abokai.

A cikin masu cin suna akwai maƙwabcinmu, malamin sakandare da ya karanta ilimin duwatsu a Zariya. Ya tsuguna yana juya ɓarin kamar wanda ya ga jariri. Cikinsa ja da ruwan ƙasa da fari, yana ƙyalli. Ya ce da can, tun kafin a san mutum, wannan hamada daji ce mai koguna. Itace ya faɗi, laka ta binne shi bai samu ya ruɓe ba, ruwa mai ɗauke da garin dutse ya yi ta ratsa shi, yana cire ice kaɗan-kaɗan yana ajiye dutse a gurbinsa, har kamanni ya rage amma ice ya tafi.

Na ce, "Malam, wato shekara nawa ke nan? Ya girmi kakata?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ya girmi kakar kowa." Sannan ya juya kan Ɗan Hanya, dariyar ta ɗauke. "Alhaji, ba a ɗaukowa. Ba ya tsirowa, ba a shuka shi. In kowane direba ya jefa guda a mota, wata rana fili zai rage, babu shaidar da za ta nuna wa jikokinmu cewa wurin ya taɓa zama daji."

Ɗan Hanya ya sosa ƙeya ya ce ai wani Buzu mai raƙuma ma ya hana shi, shi kuwa ya yi kamar bai ji yaren ba.

Duk wannan karatu na ji shi, amma tuwona bai dahu ba. Na leƙa zaure, na ga dogon bencin katakon da Ɗan Hanya ke zama da abokansa suna shan shayi, busasshe ƙayau. Na ce wa mata, "Ku ɗauko."

"Uwargida, bencina!"

"Ka ajiye mini dutse da rigar ice ka kunyata ni gaban baƙi. Wannan dai na tabbata ba daga Agadas ya zo ba."

Aka aro gatarin maƙwabta. Hura ɗaya benci ya kama. Kafin la'asar na kwashe tuwon masara mai santsi, da miyar ɗanyar kuɓewa. Gwaggo ta ci malmala biyu, da gashin kaza a ɗankwalinta, ba ta ƙara ambaton Ƙarfi ba. Da za ta hau mota ta ce a ƙulla mata saura.

Tafiyar Ɗan Hanya ta gaba Malam ya tsaya a kansa sai da ya loda ɓarin nan biyu ya mayar inda ya ɗauko. Abin da na koya shi ne, abin da ka tarar a kwance a inda Allah ya ajiye shi, ka kalla ka yi tasbihi ka wuce, kada ka kai shi gidan da zai zama fitina. Kuma tun da na ji hamada ma ta taɓa zama daji, ban ƙara bari an sare ɗanyen ice a gonarmu ba.

Gwaggo ta rasu, matan da suka taya ni ɗaukar gungumen saura ɗaya, tana Musawa wajen ɗanta. Malam yana nan ya yi ritaya. Jaririn da aka yi wa suna har ya yi aure. Ɗan Hanya ma yana nan, ya bar tuƙi, ido ya yi rauni, amma har yau in aka ce masa ga Uwargida nan tafe, sai ya ce a shigar da kujeru ɗaki.