Jibo Na Tafkin Marke, Wanda Ya Ƙi Fita Daga Ruwa

Da zarar an sallame sallar asuba, Malam Jibo yakan saɓi gorarsa ya gangara Tafkin Marke, wanda ke kwance tsakanin Bunguɗu da Gusau, inda gulbi ke zuba rararsa da damina. Ƙasa yake fara dubawa kafin ruwa. Sawun da ke kan laka shi ke gaya masa ko shanu ne suka sha, ko mata suka ɗiba, ko kuwa wani ya lallaɓo da komar kamun kifi kafin lokaci. Daga nan sai ya kife bisa gora ya yi iyo, ya gyara dogayen turakun da ya kafa ya ɗaura musu kaba. Abin da turakun suka kewaye shi ake kira gurbi, wuri mafi zurfi a tafkin, mafakar manyan kifaye da rani. Ba a yin su, wato kamun kifi, a gurbi. Ko ranar da aka buɗe ruwa, gari ya faɗa da kiɗa da guɗa, iyakar kowa turaku.

Ba shi ya ƙago dokar ba, tarar da ita ya yi. Shi dai ya riƙe ta da hannu biyu. Ragar da yatsunsa uku ba su shiga idonta ba, ba ta shiga tafki, ko ta wane ce. Uwa mai ƙwai kuwa, wanda ya kama ta shi zai mayar da ita.

Malam Ishaya, ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a Sabon Gari, yakan zo da fatsa ran Asabar. Shi ya ba ni labarin ranar da ya fito da giwan ruwa mai tsawon ƙafarsa, bayan ta kusa tsinke masa zare. Jibo ya zo ya durƙusa, ya shafa cikinta.

"Sannu da ƙoƙari, Malam Ishaya. Amma wagga ɗauke take da ƙwai. Maida ta."

"Haba Baba! Tun safe nake fama. Na yi wa matata Marta alkawarin kifi."

"Ka ce wa Marta kun gaisa, ta ce sai baɗi."

Ishaya ya mayar da ita yana ƙunƙuni. Ya ce ya daɗe bai ga dariyar maganar ba, amma har yau bai daina zuwa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a ranin da ya biyo bayan farin 1973. Na tambayi mutane da dama da suka gani da idonsu, kuma abin da bakinsu ya haɗu a kai shi kaɗai na rubuta. Tafkin ya janye har ba sauran ruwa sai gurbi. Kifi ya cunkushe a ciki, ana hangen bayansa. Rumbuna sun yi wayam. Makiyaya daga can wajen Tsafe nan suke kawo shanu, matan gari nan suke ɗiba, domin rijiyoyi sun ƙafe.

Sai ga Alhaji Lukuman, mai fataucin kifin banda daga Gusau, da galan na maganin feshin auduga a bayan mota. Ba zan ce mugun nufi ya kawo shi ba. Hujjarsa ita ce gurbin zai ƙafe kafin damina, kifin ya ruɓe a banza; gara a zuba magani ya taso gaba ɗaya, kowane gida ya samu rabo. Mutane da yunwa suka ji maganar ta yi daɗi. Dagaci ya amince.

Jibo ya same shi a ƙofar gida, ya cire takalmi ya gaishe shi yadda ya kamata.

"Ranka shi daɗe, gurbi bai taɓa ƙafewa ba. In an zuba wanga abu, ba uwa ba ɗiya, iri ya ƙare. Sannan mi shanu za su sha? Mu mi za mu sha?"

"Jibo, ni na ba ka tsaron ruwan nan, ni kuma na ce a buɗe."

"Na ji, ranka shi daɗe."

Dagaci ya ɗauka an gama magana. Washegari da hantsi jama'a suka gangaro da kwanduna da ƙore, Alhaji na gaba da galan, sai suka tarar da Jibo a cikin gurbi, ruwa iya wuya. Ya kamfata da hannu ya sha, yana kallonsu.

"Alhaji, zuba. Ga ni, ga ruwa. Kana zubawa ina sha a gabanka."

Aka fashe da hayaniya. Wani ya ce, "Jibo, kifin nan surukanka ne?" Wani ya ce, "Fito tsoho, kar giwan ruwa ta ɗauke ka aure!" Jibo ya ci gaba da tsayuwarsa. Wadda ta taɓa shi ita ce muryar ƙanensa Salisu, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yaya, dusa ɗiyana ke ci. Dusa! Kai kuma kana gadin kifi?"

Waɗanda ke kusa sun ce Jibo ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta nutse. Da ya ɗago sai ya ce, "Na yarda a sa ƙugiya, gida bayan gida, a ɗauki tarwaɗa. Wannan ma kakanninmu ba su yi ba. Amma guba, Salisu, sai bayan raina." Salisu ya juya ya tafi.

Rana ta take, Alhaji na zaune a inuwar mota yana jiran tsoho ya gaji. Sai ga Yelwa, matar Jibo, da tulu a ka. Kowa ya san mitar da take yi cewa ita kaɗai ce matar masunci mai miya ba kifi, saboda haka aka buɗe mata hanya, ana cewa ga mai fito da shi. Ta tattare zane ta shiga ruwa har ta iso shi.

"Malam, matsa can, ka dama mani ruwa."

Ta cika tulu, ta kafa baki ta sha, ta aza a ka. Da ta zo wucewa ta gaban motar sai ta ce, "Alhaji, da la'asar zan dawo ɗiban na tuwo. In ka zuba, ka aiko a gaya mani." Matan da ke tsaye da kwanduna suka dubi juna, wasu suka koma gida suka ɗauko tuluna. Wani makiyayi mai suna Sule ya kora shanunsa suka jeru a bakin ruwa suna sha. Kafin la'asar Alhaji ya mayar da galan mota.

A makon nan dagaci ya tuɓe Jibo daga tsaron tafki, domin ya ƙi bin umarni a bainar jama'a. Salisu ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, har yau bai aiko da gaisuwa ba. Tarwaɗar ƙugiya ba ta ƙosar da kowa ba, an sha wuya ƙwarai. Gurbi ya ragu har iya ƙugu, amma bai ƙafe ba, ruwan sama ya riske shi da kifinsa a raye. Shekara biyar ke nan. Yanzu ranar su har daga Ruwan Bore da 'Yankuzo ake zuwa, kuma masu cika kwando da karfasa su ne dai ke kiransa Jibo mai taurin kai.

An ba ni shawara in bar maganar, tunda waɗanda ta shafa suna raye, ni kuma ƙaramin ma'aikaci ne. Na auna sosai. Na ga in aka ci gaba da shiru, yaran da ke tasowa za su ɗauka laifi ya yi.

Ba laifi ka yi ba, Jibo na Yelwa, turken gurbi. Kai ne ka ji kukan ɗan'uwanka ya shige ka, ba ka yi kamar ba ka ji ba, kuma ba ka fito ba. Kai ne aka karɓe wa aiki, ka wayi gari ka koma bakin tafki ba da umarnin kowa ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya daidaita tsakaninka da Salisu.

Ku kuma masu karatu, maganin feshi bai ƙare a kasuwa ba, ana ta zuba shi a wasu tafkunan ƙasar nan. Kowane tafki yana bukatar mutum guda da zai ce a'a, da waɗanda za su tsaya a bayansa tun kafin rana ta take. Masu iko kuma, mayar wa wannan tsoho aikinsa ba zai rage musu girma ba.

Na karanta wa Jibo wannan kafin in aika da shi. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Batun maida aiki, bar su da abinsu, ban roƙa ba. Ka dai ƙara masu cewa bana ba a buɗe ruwa sai an gama sussuka. Wanda ya zo kafin nan, ni zai iske."