Masan da Na Zaɓa wa Jirgin Injiniya

Masai ne ya raba ni da wurin kwanana a Dubai. Ni na zaɓe shi da kaina.

A shekarar korona kamfanin da nake wa dako ya rufe. Aka ce mu kwashe kayanmu daga ɗakunan ma'aikata na unguwar Muhaisnah. Bizata tana hannun kamfani, ta mutu tare da shi. Ban yi boko ba, ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Na ɗauki jakata da butata na fita.

Akwai wani injiniya Bakano da nake wanke wa jirgin ruwa ranar Juma'a. Ƙaramin jirgi ne mai tafiya da iska, ana ɗaga masa ƙyalle a kan dogon sanda. Na hannu ne ya saya, ya riga ya tsufa. A cikinsa akwai ɗaki, mutum ba ya iya miƙewa tsaye, sai benci biyu da ɗan lungu. Ya ɗauke ni aikin ne don ya ji ni ɗan Yawuri ne, a kwalekwale na tashi. Sarkin Ruwa yake ce mini.

Na gaya masa halin da nake ciki. Gidansa na Al Qusais ɗaki biyu ne, ga mata ga yara.

"Ka kwana a jirgin," ya ce. "Amma dokar tashar jiragen ta hana. Su a saninsu kai mai wanki ne, ka zo jefi-jefi ka tafi. Kada a riƙa ganinka. In aka gane, ni tara ce, kai kuma ka san inda za a kai ka."

Na sani.

Matsala ɗaya ce. Masan jirgin ya lalace tun kafin ya saya, an cire shi, sai rami a lungu. Banɗakin tashar kuwa da katin mai jirgi ake buɗe shi. Ranar da ya kawo mini tabarma da risho, ya zauna a benci yana gumi, ya fito da waya yana nuna mini hotuna.

"Kai za ka zauna a kai, kai za ka zaɓa. Ga mai famfo, wannan teku yake turawa."

"A nan cikin tasha?"

"An hana. Sai an fita can nesa."

"To cire shi. Ko ba a hana ba, ubana bai taɓa bari mu ɓata ruwan da muke kamun kifi ba."

"Ga bokiti da murfi. Khalas, shi ke nan, babu wahala."

Na ce a'a. Bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba a lokacin.

Ya nuna na uku. Wani farin akwati ne, ana zuba masa ɓawon kwakwa da aka niƙa. Fitsari yana bin hanyarsa daban ya shiga gora. Sauran yana bushewa a ciki, ba wari, ana daɗewa ƙwarai ba a kwashe ba.

"Wannan ne naka, Sarkin Ruwa. Ba mai ganinka kana ɗauke da komai. Sharaɗinsa ɗaya, ruwa ba ya shiga ciki. Ko kaɗan. In ya jiƙe ya lalace."

"Da me zan yi tsarki?"

"Da takarda. Tsarkin hoge ai ya halatta, tambayi kowane malami."

"Na sani ya halatta."

"To mene ne?"

Sai na gaya masa. Kafin Dubai na bi ta Libiya. A Sabha wasu mutane suka kulle mu a wani gida, muna da yawa, bokiti ɗaya a tsakiyar ɗaki. Ruwan sha ma da murfin jarka ake auna mana. Na yi watanni ban wanke jikina ba. Ina sallah ina jin warin kaina. Ranar da na fito na yi wa Allah alkawari, muddin akwai ruwa kusa da ni, ba zan sake tsayawa gabansa haka ba.

Injiniya ya kalli ƙasa. Ya matsa hoton gaba.

Na huɗu akwati ne hawa biyu, sama wurin zama, ƙasa tanki mai hannu kamar jarka. Ana zuba masa wani shuɗin magani. Ruwa ba ya ɓata shi. In ya cika sai a ciro tankin a kai wurin zubarwa, a bayan ɗakin masu gadi. Kuma ba a kafe shi da ƙusa, ana juya shi yadda aka so. Wannan ma ya yi mini, domin a nan alƙibla yamma take, ba gabas ba kamar gida, kuma lungun jirgin yamma yake kallo.

"Shi nake so."

"Zai riƙa cika da wuri fa. Butarka kaɗai ta isa ta cika shi."

"Yallaɓai, ka ce ni zan zaɓa."

"Taurin kan Yawurawa," ya ce. Ya sayo shi.

Kwanakin farko na ji daɗi. Na juya akwatin ya kalli kudu. Ina tsarki da ruwa, ina alwala, ina sallah a zaune don rufin ya yi ƙasa. Jirgin yana ɗan rausaya kamar kwalekwalen ubana. Na daɗe ban yi barci irin wannan ba.

Tankin ya cika cikin 'yan kwanaki. Gaskiyar Injiniya ce.

Sai da rana tsaka nake fita da shi, lokacin da zafi ya kori kowa cikin sanyin na'ura. Gadar katakon da ta haɗa jiragen da tudu tana da tsawo, tana ƙona ƙafa ta cikin silifa. Tankin yana da nauyi, abin ciki yana kaɗawa yana bugun gwiwata. A ƙarshen gadar akwai maigadi, ɗan Gana, daga zangon Kumasi. Yana jin Hausa irin tasu.

"Ɗan'uwa, yau ma miyan ne?"

"Ita ce."

"Mai gidanka yana ci da yawa, wallahi."

Muka yi dariya. Haka muka yi ta yi. Wata rana bai yi dariya ba. Ya tare ni a inuwar ɗakinsa, ya rage murya.

"Ni ban ga komai ba. Amma akwai kyamara bisa kaina, kuma oga yana dubawa. Jirginku tun azumi bai motsa ba. Jirgin da bai fita ba, wa ke cika masa masai?"

Ya dubi tankin, ya ci gaba.

"Ka rage zuwa. Ina da 'ya'ya a gida, kar ka sa a kore ni tare da kai."

Na rage. Hanyar ragewa ɗaya ce, na rage ci, na rage sha. Burodi da shayi da safe, shi ke nan sai magariba. Ruwan da zan sha na bar wa buta. Lokacin zafi ne, cikin jirgin kamar tanda, ƙarfen taga ba ya taɓuwa. Fitsarina ya koma ja. Bayana ya fara ciwo ta gefe, ciwon da ke sa mutum ya ciji riga. Maganin shuɗin nan ma zafi ya fi ƙarfinsa, wari ya fara fita ta taga.

Injiniya ya zo ya same ni kwance. Ya toshe hanci, sannan ya ji kunya ya sauke hannun.

"Haba Sarkin Ruwa. Kashe kanka za ka yi a jirgina? Bari in kawo mai ɓawon kwakwar nan. Lalura ce, Allah ya sani."

Na daɗe ina kallon butar. Na gaji. Na ce ya kawo.

Ya yi oda, aka ce sai an jira, kaya ba sa shigowa da wuri saboda korona. Tankin bai jira ba. Ya cika har baki, ba yadda zan yi. Na sha ruwa sosai ranar, tunda ko ta yaya sai na fita. Na ɗauke shi na hau gada.

A tsakiyar gadar jiri ya ɗebe ni. Na faɗi a gwiwa. Tankin ya bugi katako, murfin ya tsage. Abin ya malale, shuɗi da baƙi, yana bin tsakanin katako yana ɗiga cikin ruwa. Ruwan da na ce ba zan ɓata ba.

Ɗan Gana ya rugo, ogansu yana bayansa. Ogan ya dube ni, ya dubi jirgin, ya tafi ya leƙa ciki. Ya ga tabarma da risho da wanki a rataye. Ya tambayi maigadin ko ya san da wannan. Ya ce bai sani ba. Ni ma na ce bai sani ba.

Ba su kira 'yan sanda ba. Injiniya ya zo ya yi ta magana da Turanci, ya sa hannu a takarda. Aka ba ni tiyo da burushi na wanke gadar, sannan aka raka ni bakin ƙofa. A mota bai yi mini faɗa ba. Ya tsaya ya saya mini ruwa babbar gora, ya ce in shanye a gabansa.

Daga baya ya sayar da jirgin. Ya ce farin akwatin ya iso, yana nan a kwalinsa a bayan ƙofar gidansa.

Yanzu ina Muhaisnah. Ina hayar rabin gado, wani ɗan Nijar mai aikin dare yana kwana a kai da rana. Ina loda kwali a wani sito a Al Qusais in an samu. Biza har yau babu. Bayana yana tashi lokaci-lokaci. Banɗakinmu ɗaya ne, ana bin layi, amma akwai famfo a ciki.